Ɗalibina Ɗanladi da Gonar Agwagi

Ba zan gajiyar da mai karatu da labarin layin biza da zaman jirgi ba. Labarina ya fara ne a ƙofar filin jirgin saman Bordeaux, inda na tsaya riƙe da akwati, ƙafafuna sun kumbura cikin takalmi, ina kallon wani mutum mai matsattsen wando da ɗankunne yana tahowa hannu a buɗe yana kirana Malama.

Sunana Rifkatu. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da Faransanci a makarantar sakandare a Zariya, ban taɓa taka ƙasar masu harshen ba, ko Maraɗi ban taɓa zuwa ba. Da na yi ritaya 'ya'yana suka haɗa kai suka ce sai na je na ga wuraren da na yi ta nuna wa 'ya'yan mutane a hoto. Na ce ba zan tafi ni kaɗai ba. Maƙwabciyata a Tudun Wada, Hajiya Asma'u, tsohuwar nas ce, katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare. Ita ke aiko min da naman layya, ni ke aika mata da shinkafar Kirsimeti. Ta ce in dai za a bar ta ta tafi da butarta da allurarta ta ciwon suga, za ta raka ni.

Mai ɗankunnen kuwa Ɗanladi ne, ɗan unguwar Hanwa, ɗalibin da ya fi kowa kai cikin duk waɗanda suka ratsa ajina. Da hannuna na rubuta masa takardar shaida lokacin da ya nemi karatu a waje. Shekaru suka shuɗe ban ji ɗuriyarsa ba, sai ga kiransa a waya. Wai ya ji na yi ritaya, wai yanzu yana da kamfanin yawon buɗe ido, kuma babu abin da zai faranta masa rai kamar ya zagaya da malamarsa tsofaffin garuruwa da ƙauyukan bakin kogi. Ya turo takardu na sa hannu. Ya ce akwai wasu maza huɗu 'yan gida da za su biyo mu, 'yan kasuwa ne masu son hutawa.

"Malama, a nan Dani ake ce min," in ji shi, bayan ya sumbaci iska a gefen kumatuna biyu. Da ya nufi Hajiya sai ta ɗaga jakarta a tsakaninsu.

"Daga nan ma ina jin ka," ta ce.

Ya nemi mu ba shi fasfunanmu ya adana. Mazan nan huɗu suka miƙa nasu ba musu. Ni ma har na zuge jaka, Hajiya ta dafe min hannu.

"Namu suna inda muka ajiye su, ɗana. Mu je."

Motar tasa tsohuwar farar bas ce ta ɗaukar kaya da aka dasa wa kujeru, tana warin taba da jiƙaƙƙen kare. A bayanta Hajiya ta ajiye ƙaramar kular da take zuba alluranta da ƙanƙara.

Ba zan yi ƙarya ba, Bordeaux gari ne mai kyau. Dogayen gidajen dutse sun jeru a bakin kogi kamar an auna su da ma'auni. Amma ban yi taku ashirin ba na taka kashin kare da sabon takalmina na zuwa coci. Na tsaya ina goge shi a gefen titi, mai karen tana can gaba ta ɗauke shi tana sumbatar bakinsa. A littafin da na yi shekaru ina koyarwa da shi babu wannan shafin.

A saman ƙofofin wasu gidaje an sassaƙa fuskoki da dutse, cikinsu har da ta baƙar mace mai ɗankwali da manyan 'yan kunne. Ɗanladi ya ce wannan shaida ce ta yadda mutanen garin ke ƙaunar 'yan Afirka tun zamanin da. Na dube shi. Ni na koya masa a aji biyar cewa daga wannan gaɓar jiragen ruwa ke tashi su je su sayo mutane, kuma da ribar aka gina wasu daga cikin gidajen. Ya san na sani. Ya yi murmushi ya ce mu matso a ɗauki hoto. Ya sa ni a tsakiya, mazan a bayana, ya ba kowannensu littafin rubutu ya riƙe a ƙirji. Na ɗauka wasa ne.

Masaukinmu ba otal ba ne, ɗakuna biyu ne a saman wani garejin gyaran mota a bayan gari. Na yaye zanin gado na ga gashin wani a kan matashi. A banɗaki babu ruwa kusa da masai, sai takarda. Hajiya ta ɗaga butarta ta nuna min.

Da safe muka shiga mota na ƙirga maza uku. Ɗanladi ya ce na huɗun ya je gaida ɗan uwansa, zai same mu a gaba.

Zango na biyu shi ne Saint-Émilion, gari a kan tudu, tituna na duwatsu masu santsi, gonakin inabi ta ko'ina har iya ganin ido. Lokacin tsinkar inabi ne. Ɗanladi ya san ni ba na shan giya, Hajiya kuwa ba a ma magana, amma rabin yini ya ɓata yana zagayawa da mu rumbunan giya na ƙarƙashin ƙasa masu warin tsami. Hajiya ta ƙi shiga, ta zauna a kan dakali da carbinta.

A gidan abinci na gyara zama na yi wa mai kawo abinci magana da Faransancin da na yi shekara talatin ina gogewa, cikakkiyar jimla, babu kuskure ko ɗaya. Ta dube ni daga ɗankwali har takalmi, ta amsa min da Turanci, a hankali, da ƙarfi, kamar mai magana da kurma. Na sake yi mata da Faransanci. Sai ta juya wajen Ɗanladi ta tambaye shi me kakar take so. Abin da ya zaɓa mana dodon koɗi ne cikin ɓawonsa, yana iyo a man shanu da tafarnuwa, da wani cuku mai koren funfuna wanda warinsa ya tuna min da ɗakin kwanan ɗalibai maza ranar duba tsafta. Burodi muka ci da ruwa.

Da la'asar motar ta tsaya a bakin wata gona. Ɗanladi ya ce wa biyu daga cikin mazan su sauko su ga yadda ake tsinkar inabi. Suka sauka da jakunkunansu. Muka jira kusan sa'a guda, ya dawo shi kaɗai, wai sun haɗu da abokai.

Hajiya ta matso kusa da kunnena.

"Malama, ni fa aikin asibiti na yi. In kin ga gado ba kowa a kai, akwai inda aka kai mai shi."

Na ce mata kada ta yi wa yaron mummunan zato. Yarona ne, na ce, ni na san shi tun yana zuwa aji da yagaggen wando. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da jan carbi.

Wanda ya rage shi ne Malam Isiyaku, siririn mutum mai kimanin shekara arba'in, ɗan Dutsen Abba da ke gefen Zariya, marar yawan magana. Ban taɓa ganin ya ɗauki hoto ba, ko ta taga ba ya kallo. Da muka isa Sarlat, tsohon gari mai lunguna kamar na cikin birnin Zariya sai dai da dutse aka yi, mayafina ya kama wani ƙarfe a ƙofar mota ya yage. Ya ce in miƙo. Ya zaro allura da zare daga cikin hularsa, ya ɗinke shi a tsaye, ɗinkin da har yau ban iya gano wurinsa ba.

"Ashe ɗan kasuwar namu tela ne," na ce.

Ya sunkuyar da kai. "Tela ne, Mama. Shago gare ni da keken ɗinki biyu. Na sayar da su."

Kafin in sake tambaya Ɗanladi ya ƙwala masa kira.

Washegari Lahadi ce, na nemi coci. Babban gini ne mai sanyi, tsofaffi 'yan kaɗan a gaba, masu yawon buɗe ido a baya da gajeren wando suna lasar askirim suna ɗaukar hoton rufi. Ana cikin addu'a wani ya matso ya ɗauke ni hoto ni ma saboda ɗaurin ɗankwalina, ko gaisuwa babu. Na rufe ido na tuno cocinmu, zumuntar mata da tulunansu na kiɗa, da yadda muke jan waƙar Hausa har bango ya amsa. Na tuno ƙosan bakin titinmu, da ƙarar acaɓa, har kwatar ƙofar gidana da nake tsine wa kullum sai da na yi kewarta. A nan na fara kuka a ƙasar Faransa, kuma ba na murna ba.

Da rana Ɗanladi ya sayo burodi da wani niƙaƙƙen nama na gwangwani, ya ce na agwagwa ne. Hajiya ta yi allura tun safe, dole ta ci wani abu, ta shafa ta ci rabin burodin. Malam Isiyaku ma ya ci. Ni kuma, da ɗabi'ar malanta, na ɗauki gwangwanin ina karantawa. Abu na farko da aka rubuta a jerin kayan haɗin shi ne naman alade.

"Ɗanladi, ka karanta wannan kafin ka ba su?"

"Haba Malama, ɗan kaɗan ne. A nan ba a damuwa da irin waɗannan abubuwan."

Hajiya ta tashi ta zaga bayan mota. Muna jin kakarin amanta. Da ta dawo ta kuskure baki da ruwan buta, ta zauna, ta ce da ni ba tare da ta dube shi ba, "Ni ban sani ba na ci, Allah ya ga zuciyata. Shi kuwa da saninsa ya ba ni."

Da gari ya waye Malam Isiyaku ma babu shi.

Kwana biyu muka yi mu biyu a bayan motar muna hawa da sauka a fadojin dutse na sarakunan da, a kan tsaunukan da ke kallon kogin Dordogne. Na daina tambaya. Ina jin tsoron amsar ne, yanzu na gane. A rana ta uku Ɗanladi ya ce zai kai mu mu ga inda ake yin abincin da ƙasar ta fi alfahari da shi, kuma yana da 'yar magana da mai wurin.

Gonar agwagi ce. A bakin hanya akwai allo mai sunan gonar da hoton agwagwa tana dariya. Aka shigar da mu wata doguwar rumfa tare da wasu baƙi Turawa. Warin ya fara tarbar mu, warin kashi da ɗumi da masara mai tsami. Agwagi ne a cunkushe cikin keji, bakunansu a buɗe suna haki. Ma'aikaci ya kamo wuyan ɗaya ya miƙar, ya zura mata dogon bututun ƙarfe har cikin maƙoshi, ya danna inji, dafaffiyar masara ta zuba ciki. Ya sake ta tana tangaɗi, ya kamo ta gaba. Mai gonar yana bayani da fara'a cewa haka ake yi safe da yamma har hantar ta kumbura ta yi kitse. Ni 'yar ƙauye ce, na yanka kaji da hannuna ba adadi, amma ban taɓa ganin an mayar da ciyarwa azaba ba. Da aka kawo hantar a kan burodi a ɗanɗana, baƙin suka yi ta lumshe ido. Na toshe baki da mayafi na fita ta ƙofar baya.

A can na ga mutum da takalmin roba da rigar leda duk jini, yana tura baro cike da kayan ciki da kawunan agwagi. Na gane shi da hularsa.

"Malam Isiyaku."

Ya saki baron. Ya waiga hagu da dama, ya ja ni bayan wani tarin buhuna. A wurin akwai wani akwatin ƙarfe irin kwantenar kasuwa, ƙofarsa a buɗe. Katifu biyar a ƙasa, bango ya yi baƙi da raɓa, bokiti ɗaya a lungu.

"Nan kake kwana?"

"Nan ne, Mama. Ya ce min aikin ɗinki ne a Paris. Yanzu ya ce sai na yi masa shekara a nan kafin ya ba ni fasfona."

"Ta yaya ma aka ba ku biza?"

Ya dube ni da mamaki na gaske. "Ai ke ce shugabarmu."

Ya shiga ya ɗauko wata takarda daga ƙarƙashin katifa. Da Faransanci aka rubuta ta. Tawagar malaman Faransanci daga Zariya, za su zo ziyarar ƙara ilimi ƙarƙashin jagorancin tsohuwar malama mai shekara talatin a aiki, wadda ta san kowannensu kuma ta ɗauki alhakin komawarsu gida. Ga cikakken sunana. Ga sa hannuna a ƙasa. Tana cikin takardun da Ɗanladi ya turo, na sa hannu ina hira da jikata, ban karanta ko layi ɗaya ba, don ɗalibina ne ya aiko. Hoton da aka ɗauka da littattafai a Bordeaux ma na gane amfaninsa, shaidar cewa tawagar malamai ta iso. Ƙyamar da na ji a rumfar agwagi ba ta kai wadda na ji a lokacin ba, kuma rabinta kaina nake wa.

"Zan kai shi ƙara," na ce.

Ya durƙusa a cikin taɓon nan. "Don Allah, Mama, kada ki faɗi inda nake. In an zo, ni za a kama a mayar gida, shi ba za a same shi ba. Na sayar da shago. 'Ya'ya biyar gare ni. Da me zan koma? In kin isa gida dai ki je Dutsen Abba, ki tambayi gidan Isiyaku tela, ki ce wa Hadiza kin gan ni ina lafiya."

Wani ya yi masa tsawa daga cikin rumfa. Ya tashi ya ɗauki baronsa.

A mota ban jira mun hau titi ba. Na faɗa wa Ɗanladi abin da na gani da abin da na karanta. Bai musa ba. Ya dube ni ta madubi.

"Su suka roƙe ni, Malama. Kuma wa ya koya mana cewa nan ce duniya? Kullum kina manna mana hotuna a allo, kina cewa ku dubi tsafta, ku dubi tsari. Ni hanya kawai na nuna musu."

"Na koya maka ka sayar da mutane? Na koya maka ka yi ƙarya da sunana?"

"Ba wanda aka sayar. Aiki suke yi."

Na ce masa ko dai ya mayar wa mutanen nan fasfunansu yau, ko ya sauke ni a ofishin jandarmomi, wato 'yan sandan karkararsu. Sai ya sassauta murya ya ce in yi haƙuri, ya yi kuskure, zai gyara. Ya riga ya kama mana wuri a jirgin ruwa, mu shiga mu huce, in mun fito sai mu zauna mu tsara komai. Na yarda. Sau biyu ke nan ina yarda da shi ido rufe.

Ƙauyen da muka shiga jirgin yana manne da jikin wani dogon dutse, gidaje masu launin zuma a jere, ƙafarsu a ruwa. Kogin a kwance yake, kore, inuwar itatuwa a cikinsa. Shi ne wuri mafi kyau da na taɓa gani, kuma ban ji komai ba. Warin rumfar nan yana cikin mayafina.

Da muka fito bayan sa'a guda, akwatunanmu biyu suna jingine da katangar bakin ruwa. Babu mota. Wayarsa a kashe.

Hajiya ta duba bayan akwatunan, ta duba gefensu, sannan ta zauna a kan nata.

"Kular tana cikin motar," ta ce.

Ta yi magana yadda na san tana yi wa dangin majinyaci. "Ta safe na yi. Ta yamma ce babu. Zuwa gobe zan fara fita hayyacina. In kin ji ina surutu marar kan gado, ki sani ba ni ba ce, ki nemi asibiti."

Na shiga neman taimako. Mai sayar da tikitin jirgi ya ɗaga kafaɗa ya ce ƙauyen babu kemis. Mai gidan shayi ya ce kujerunsa na masu saye ne. Wasu mata biyu da na tare suka riƙe jakunkunansu da kyau suka ƙara sauri kafin in buɗe baki. Na koma wajen Hajiya na tsaya, tsohuwa da ɗankwali a bakin kogin mutane, ana ratsa mu kamar turakun fitila.

Sai wata tsohuwa ta tsaya, gajeriya, da kwando a hannu da wani kare mai gashi buzu-buzu. Ta dubi akwatunan, ta dubi Hajiya, ta tambaye ni da Faransanci ko lafiya. Na fara bayani. Ta saurare ni har na kai aya. Ba ta juya zuwa Turanci ba, ba ta ma iya shi ba. Sunanta Odette.

Ta cusa mu da akwatunanmu da karenta a wata 'yar mota, ta tuƙa kamar ɗan acaɓa zuwa gari na gaba. Mun tarar mai kemis yana shirin rufewa. Ya ce ba ya ba da irin wannan allura sai da takardar likita. Hajiya ta faɗi sunan maganin da adadin da take yi safe da yamma, ina fassarawa. Ya ce ya gane, amma doka ce. Odette ta ajiye kwandonta a kan kantarsa, ta ce ta san shi tun yana cikin tsumma, ta ciro waya ta kira likitanta ta miƙa masa. Suka yi magana. Ya shiga ciki ya fito da allurar daga firij. Hajiya ta yi ta a nan kan kujerar kemis ɗin, ta ce alhamdu lillahi, ni kuma na zauna a ƙasa.

A gidanta muka sauka. Ba zan ɓoye ba, da na ga ta ajiye wa karen farantin da ta ci abinci ya lashe, ta ɗauka ta sa cikin sauran, sai da zuciyata ta tashi. Amma ta dafa mana miyar ganye da dankali, ta soya ƙwai, ta nuna wa Hajiya kwalbar man da ta yi amfani da shi don ta tabbatar babu alade. Shi ne abinci na farko da muka ci muka ƙoshi tun zuwanmu. Da Hajiya ta shimfiɗa mayafi za ta yi magariba, karen ya nufo ta yana shinshina. Ba wanda ya ce wa Odette komai. Ta kama shi ta fitar da shi waje ta rufe ƙofa, kare da ta ce min shekara tara a gadonta yake kwana.

Muna wanke kwanuka ta ce ɗanta yana Paris, sai ƙarshen shekara yake kira. Ta kuma ce Faransancina irin na malamarsu ta firamare ne, yanzu ba mai magana da tsabta haka. Na juya baya na daɗe ina goge faranti ɗaya.

Da safe ta kai mu ofishin jandarmomi. Na faɗi komai game da Ɗanladi, motarsa, maganin da ya gudu da shi, da takardar da na sa wa hannu ban karanta ba. Jami'in ya rubuta, ya ce sunana zai shiga fayil, da wuya a sake ba ni biza. Na ce ba na buƙata. Sai ya ajiye biro ya tambaye ni ina mazan nan huɗu suke.

Allon gonar yana gaban idona, da sunan da agwagwar mai dariya. Ni da nake koyar da makarantar Lahadi, na dubi mutumin nan na ce ni tsohuwa ce, hanyoyin ƙasarsu duk iri ɗaya suke a idona, ban sani ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya rubuta.

A waje Hajiya, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, ta ce, "Kin faɗa?"

"Ban faɗa ba."

"To," ta ce.

Har yau ban san ko ceton Malam Isiyaku na yi ba, ko kuwa rufe masa ƙofar kwantenar na yi da hannuna.

Odette ta sa mu a jirgin ƙasa zuwa Bordeaux da dafaffen ƙwai da tuffa a leda. Ta sumbace ni a kumatu, ta sumbaci Hajiya, kuma Hajiya ba ta ɗaga jaka ba.

Mako guda da dawowarmu muka ɗauki keke-napep ni da Hajiya zuwa Dutsen Abba. Ba mu sha wuyar gane gidan ba. Hadiza, matar Malam Isiyaku, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, yara suka kewaye mu. Ƙanenta Sani, magidanci ɗan acaɓa, ya shigo ya gaishe mu ya zauna a bakin ƙofa. Hadiza ta ce ta ji an ce maigidan ya samu shagon ɗinki a Paris, ko na ga shagon?

Na zo da niyyar in ce yana lafiya in tashi, kamar yadda ya roƙe ni. Amma na ga yadda Sani ya miƙo wuya, na tuna cewa shiruna ne da sa hannuna suka kai mutum huɗu can. Na sa aka fitar da yaran. Na faɗi komai, rumfar, bututun, baron, katifu biyar, bokitin lungu, fasfon da ke hannun Ɗanladi. Hadiza ba ta yi kururuwa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Hajiya ta matsa ta riƙe ta.

Sani ya rako mu bakin titi ya tsayar mana da keke. Hajiya ta shiga. Ina ɗaga ƙafa ya matso ya rage murya.

"Mama, har yanzu kina da lambar shi Ɗanladin?"

Na sauke ƙafata. "Ba ka ji abin da na faɗa a ciki ba ne?"

"Na ji, Mama. Amma ai kin ce akwai aiki kullum."

Na shiga keke. Da na shiga gida na zauna a bakin gado na goge lambar daga wayata, ko da yake na san kafin Juma'a zai samo ta a wurin wani.